Takwas da Takwas Huɗu Ne

A rumfar Ilu, bakin tashar Kanya,
inda dalma ke narkewa a tsinin ƙarfe,
na sauke ta kan benci ina sunkuyar da kai.
Bai ce mini komai ba. Ya sunsuna bayanta,
warin ƙonannen gashi ya bugi hancinsa:
"Sifika nawa ka rataya wa amfilifaya?"

Na ce huɗu. Daren kalankuwa ne,
an share masussuka, janareta na tari,
ga jitar da na sayo a Maigatari
da kuɗin riɗi buhu guda da rabi.
So nake a ji ni har Babura.
Na ari ta Tsalha mai shayi, da biyu na gidan ƙwallo,
na murɗe wutsiyoyinsu a waya ɗaya.

Kiɗa uku ta ba ni.
A na huɗu sauti ya shaƙe,
hayaƙi ya tashi siriri,
sai kukan gyare, sai 'yan mata da dariya.

Ilu ya goge bayanta da babban yatsa.
"Karanta. Om takwas aka rubuta.
A makaranta takwas da takwas sha shida ne,
a nan in ka jera su kafaɗa da kafaɗa
huɗu suke komawa.
Naka huɗun nan, biyu suka zama.
Ƙaramar lamba, babban ci.
'Ya'ya huɗu ka sakar wa nonon akuya.

In kuwa ka ɗaure su bi-da-bi,
wannan na riƙe da wutsiyar wancan,
lamba ta hau, ja ya ragu,
sai dai a ɗan rage maka murya.

Sai wat. Ɗari take turawa.
Akwatin Tsalha talatin yake sha.
Allah ya so shi ita ta riga faɗuwa,
da yanzu koyil ya toye, takarda ta yage,
kana biyan bashi da kuɗin gyaɗa.
Wa ke juye randa a cikin ƙwarya?

Irin ta da kuwa, mai kwalabe a ciki,
kar ka kunna ta babu sifika.
Maganar da ba ta sami mafita ba
mai ita take ci tun daga zuciya."

Kasuwa uku na yi ina zarya.
Zabi biyu na kai masa da canjin aljihu,
ya ƙara mini da guntun alli:
"Rubuta lambar kowane akwati a goshinsa,
ka auna da mita, kar ka yarda da mai kaya."

Yanzu akwati guda gare ni,
takwas ga takwas, wat ɗari da hamsin.
Bayan isha nakan zauna a dakali,
Babura ba ta ji na, maƙwabta suna ji.
Tsakanin kiɗa da kiɗa
nakan ɗora tafina a bayanta
yadda inna ke taɓa goshin ƙanena
ta ji ko zazzaɓi ya sauka,
ko za a kwana lafiya.