Madubin Gefe

Kakana Reijo ya ja tirela shekara talatin da huɗu,
daga Tampere zuwa bakin teku, ya dawo, ya koma.
Yanzu iyakar tafiyarsa daga gado zuwa tagar kicin,
ya ga ko an kwashe ƙanƙarar da ta toshe ƙofa.

Akwai wani tsohon wasan tuƙi a kwamfutata,
don allo aka yi shi, shimfiɗe kamar faranti.
Na ce sai na cusa shi cikin kwalkwalin nan mai gilashi biyu
da na saya na hannu a wurin Tuulikki ta bene na uku.
Wasa bai san kwalkwali ba, kwalkwali bai san wasa ba,
ni ce 'yar aike tsakanin kurame biyu.

Daren farko, duhu.
Inji na gurnani a kunne, ido bai ga komai ba.
Na zare waya daga kafar gaba, na soka ta baya,
sai ga haske, amma titi biyu, gada biyu,
rana biyu na faɗuwa a tafki ɗaya.

Dare na biyu titi ya haɗe, girma ya rikice.
Sitiyari ya kai ƙofar gareji,
ni kuwa ɓera a kujerar direba.
Na rage lamba ɗaya a cikin fayil,
sai na tashi basamudiya, kaina ya huda rufin mota,
itatuwan daji a ƙasa kamar tsinken ashana.
Agogon gudu ya manne mini a gefen ido,
in na juya ya juya, kamar mai bin bashi.
Da na sha kwana, cikina ya ƙi bina.
Na kwanta a tayil ɗin banɗaki mai sanyi,
gidan na ta gudu babu direba.

Ran Laraba komai ya zauna.
Ran Alhamis kwamfuta ta sabunta kanta ina barci,
ta rushe ginin kwana huɗu ba ko sallama.

Na sake ɗorawa daga tushe.
Abu ɗaya ya rage ya hana ni sakat:
inuwa na fita a idon hagu, a dama babu,
kowace bishiya na ƙifce-ƙifce kamar mara gaskiya.
Kwana uku ina bin sawunta, fanka na kuka, kofi ya ƙare.
Na kamo inuwa, hayaƙi ya tsere.
Na dawo da hayaƙi, ruwan sama ya koma zuba cikin mota.
Garin neman gira na kusa rasa ido.
Da asuba ta huɗu dai ta miƙa wuya.

Ran Lahadi na ɗaura masa,
madauri ya lanƙwasa masa kunne, bai damu ba.
Na ce, "Kaka, rufe na hagu, akwai inuwa a dama?"
Ya ce, "Na dama? Ai shekara shida ke nan da ya ajiye aiki.
Ban faɗa ba, kar uwarki ta karɓe makullin motata."

Na dubi gwangwanin kofi, wayam.
Ban ce uffan ba.

Shi kuwa bai taka totur ba tukuna.
Ya juya wuya a hankali zuwa hagu,
ya sami madubin gefe a inda ya bar shi,
ya leƙa, ya ga wutsiyar tirela, ya ga ba kowa a baya,
ya miƙa hannu zai gyara,
ya ture kofin shayinsa daga tebur.

"Wa ya saita madubin nan?" in ji shi. "Ya yi ƙasa."

Ban san lambar da ke ɗaga madubi ba.
Na goge shayi da tsumma,
na jawo kujera kusa da tasa,
na sake buɗe fayil ɗin.