Kwanan Aiki a Gidan Haihuwa na Tawa

Ƙarfe goma sha ɗaya, rediyon mai gadi na kan benci,
an ɗaure ta da roba don kada pil ya zube.
Maza biyu a Yamai suna ja-in-ja a cikinta,
ni kuwa ina tafasa almakashi.

Na farko ya ce tun da aka raba mulki da addini
aka raba mata da goyo,
kowace ta rataya jaka, bayanta fayau.
Na biyu ya yi dariyar ƴan boko, ta hanci,
ya jero kashi kaza cikin ɗari,
ya ce gwamnati ba ta alwala,
ciki kuma ba ya jiran izinin liman.

Babu wanda ya ce a kira Habsu ungozoma.
Shekara ashirin da shida ina yanke cibi a garin nan.
Rabin ƴan kabu-kabun bakin tasha
ni na fara jin muryarsu, tun uwayensu na sume.

Da sun tambaye ni, da na buɗe musu rajista.
Ga Tsahara ta Garkawa, hijabi har ƙasa,
walaha ba ta wuce ta,
ta zo allurar wata uku da carbi a hannu.
Na ɗaga ido, ta ce,
Inna, nawa kika auno tiyar hatsi ran Lahadi?
Na yi shiru, don na san nawa.

Ga Ramatu, mai gidanta Nomau yana Abijan,
damina huɗu sai muryarsa a waya.
Wane boko ya hana ta haihuwa?
Rabin gadonta kayan wanki ke kwana a kai.

Ga malamar lakol, mai ɗan kwali a tsakar ka,
da ake nunawa da baki a unguwa.
Shekara tara tana shan ƙwaya da rubutu
tana neman ko guda ɗaya.
A wane layi za su sa ta?

Uwata ta haifi goma sha ɗaya a Bambai.
Biyar suna bayan gari, gindin aduwa,
ba ta kiran sunansu sai in tana daka.
Ni uku na haifa, ukun suna nan,
babban har ya tsayar da gemu.
Ranar da na ce mata na tsaya
ta daɗe tana kallona, ta ce,
ke kin yarda za su zauna ke nan.
Har ta koma ban gane ba,
zargi ne ko sa albarka.

Sai kuran ya ɗauke.
Rediyo bai san an yi ba.
Malam ya kai ga aya, mushe ya kai ga doka,
aka buga ƙofa: amalanke daga ƙauye,
jaki na haki, mace na nishi.
Ƙanwarta ta riƙe mini fitilar waya,
hasken na rawa a bango.
Na ce bismillahi, na zura safar da gwamnati ta aiko.
Biyun nan ba su taɓa faɗa a hannuna ba.

Mace ce. Ta yi jinkirin kuka
har na ji zufa ta sauko mini a baya,
sannan ta tsage, ta rufe muryar Yamai duka.
Uwar ta jawo hannuna, ta yi ƙasa da murya:
ta shida ce, na gaji,
in arba'in ta cika zan dawo wajenki.
Na ce Allah ya raya. Ta ce amin.

A waje an ce lokaci ya ƙure, a tara mako mai zuwa.
Kadade ya kashe rediyo, ya ɗora shayi.
Na rubuta awo da sa'a a rajista,
gurbin suna na bar shi sai ran bakwai.
Ruwan almakashi ya huce, sai na sake hura gawayi.