Lissafin Masauki

Na shimfiɗa taswira a kan buhun masara.
Bar-su ta ɗora haɓarta a kan Bauchi,
Gobe-da-nisa yana lasar Binuwai
kamar zai shanye shi, mu huta da gada.

Daga Kakuri zuwa Gembu.
Hajo ta ce a waya, "Baba, taho kai kaɗai,
ka bar wa maƙwabta karnukan."
Na ce, wa ya tsaya da ni shekara tara
ina gadin masaƙar da ta daina numfashi,
injuna na cin tsatsa, ƙadangaru na shan hantsi a ofishin manaja?
Ba maƙwabta ba ne.

Tsohuwar bas ce, kuɗin sallamata ne suka zama taya.
Tanimu mai walda a Panteka ya tuge kujerun,
ya kafa gado inda fasinja goma ke faɗa kan canji,
ya huda taga ƙasa-ƙasa, daidai hancin kare.
Jarka huɗu, risho, tukunya, igiya biyu.
Takardar allurarsu na naɗe a leda ɗaya da ta fansho,
ban san wadda za a fara tambaya a shinge ba.

Hanya ba ta ba ni tsoro.
Dare ne.
Mutum shi kaɗai, bencin mai shayi ya ishe shi,
amma ka ce "da karnuka biyu"
ka ji murya ta ja da baya a cikin waya:
ai ɗakunan sun cika,
ai maigidan ya yi tafiya,
ai, ai.
Ban ga laifinsu ba, kowa da alwalarsa.

Daren farko, Saminaka.
Jatau, wanda muka raba fitila ɗaya a bakin ƙofar masaƙa,
ya ce in shigo gonarsa ta bayan gari,
"amma ka ɗaure su, ina da zabi, kuma a ƙirge suke."

Na biyu, wani gidan mai a Alƙaleri.
Barau ya ce in raɓa bayan tankin ruwa, dubu biyu.
Na ce in sun yi haushi fa?
Ya ce in sun yi haushi sun yi gadi, kawo dubu ɗaya.

Na uku ne ya hana ni barci.
Numan. Ban san ko kaza a can ba.
Na zagaye sunan da fensir har takarda ta huje.
Wani direban tirela a Maraban Jos ya ce,
"Wuce gada, ka shiga tsakanin manyan motoci,
sauro ne hakimin wurin, ka kai masa gaisuwa."
Na rubuta: sauro. Na rubuta: Allah na nan.

Na huɗu, Serti, a gindin dutse,
inji ya huce, ni ma in huce,
mu hau da asuba kafin rana ta ga tsufanmu.

Yau dai gwaji muke.
Na kulle ɗakin da na yi shekara talatin ina biyan haya,
na fito ƙofar gida, na kwanta a cikin bas.
Rufi na ƙas-ƙas yana sakin zafin yini.
Daga nesa jirgin ƙasa ya yi kuka sau ɗaya,
kogin Kaduna na wucewa bai yi wa kowa sallama ba.
Bar-su ta zaga sau uku, ta kwanta a kan ƙafata.
Gobe-da-nisa ya sa hanci a tagarsa
yana shaƙar layinmu, gida-gida,
tuwon wane, hayaƙin wance,
kamar mai haɗa guzuri.

Wannan masaukin ban sa shi a lissafi ba,
kuma shi ne ya fi wuyar tashi.