Ƙarshen Layi

Shekara ashirin da shida a Amurka
ina bin jikokin Meksiko gida-gida da rakoda:
masu tsinkar auduga, masu shimfiɗa dogo,
waɗanda iyaka ta tsallake su suna barci.
Wata tsohuwa ta ba ni takardar albashin mijinta,
na sa a gilashi, jama'a suka yi layi.

Yau ga ni Ƙaura Namoda,
inda dogo ya gaji ya tsaya.
Awaki na kiwo tsakanin ƙarafa.
Kawu Labbo, zaune kan mataccen sikelin gyaɗa,
ya ce, "Dakta Kuluwa, an ce littafinki huɗu.
Cikin wane nike?"

Na haɗiye yawu.

Ya tuɓe hula, ya nuna sanƙon
da buhu ya aske masa.
"Ga laburarenki. Karanta da sauri.
Bara mu sha ɗaya, bana uku."

Rakodar tana Gusau, cikin akwati.
Na ari biro wurin mai shayi,
na juya takardar burodi.
"Daga ina za mu fara, Kawu?"

"Daga ranar da aka rage muna kwabo biyu."