Gyaren Aljihu

Tun asuba motar Sallau ta baro Aliero,
buhu ɗari da arba'in na albasa.
Ni kuwa ina Legas, kasuwar Mil Sha Biyu,
ƙafata cikin taɓon ruwan jiya.
Kuɗinsa na wurina,
hannuna kuma bai kai can ba.

Banki sun ba ni kati mai ɗan maɓalli a gefe.
Ka kira lambarsu, ka kara shi a bakin waya,
ka danna da babban yatsa,
sai ya yi kuka, tsirrr, tsit-tsit,
kukan gyare a ɗakin da ba kowa.
Can wata na'ura ta kasa kunne,
ta ce na gane shi, na Tanimu ne,
sannan ta nemi lambobi huɗu
da na ɓoye cikin kaina.

To amma ina shiru a garin nan?
Danfo na hon, kwandasta na yage maƙogwaro:
Ketu! Ojota!
Injin markaɗen tattasai ya ƙi numfasawa,
'yan dako na ihun a ba hanya,
Iya Risikatu na tayin kwando
da faɗa kamar an cinye mata gado.
Na danna, na'ura ta ce ba ta ji ba.
Na sake, ta ce in sake.

Sai na kutsa tsakanin buhuna,
na ja tamfol na lulluɓe kaina kamar mai sirace,
ni da waya da kati da warin albasa.
Idona ya kawo ruwa.
Albasa ce, ba komai ba.

Mahaifina goro ya sayar a Agege shekara talatin,
bai taɓa dangwala yatsa a takarda ba.
Na ji, na yarda, a tafa, shi ke nan.
Yakan ce fuska ke ƙarya, murya ba ta iya ba.
Allah ya jiƙansa, bai riski bara waccan ba,
daren da aka kira ni da muryar ƙanena Jatau,
har da in'inarsa,
har yadda yake jan "Yaaya" in yana cikin matsi.
Asibiti, in ji muryar, yanzu-yanzu.
Na tura dubu ɗari uku jikina na rawa.
Ashe Jatau na Idi-Araba
yana suɗe kwanon miyar kuka.

Tun ranar kunnena ya zama abin zargi a wurina.

Yaron bankin ya ce wannan ba ya maimaita kuka,
wanda ya yi yanzu, yanzu ya mutu.
Ɓarawon da ya naɗe shi a waya
ɓawo ya tsinta, ƙwaya ta wuce.
Na yi dariya a lokacin.
Shekara hamsin ina zama da mutane,
yau abin da zai shaide ni
bai da harshe, bai san sunan uwata ba,
a aljihu yake kwana tare da asuwaki.

Cikin duhun tamfol na danna na uku.
Tsirrr.
Kuɗi suka tashi ba fiffike,
suka haye Kwara kafin in share ido.

Waya ta yi ƙara. "Sun shigo, Tanimu."
Muryar Sallau ce, ko mai kama da ita.
Na ce, me muka ci a tashar Jega ran da taya ta fashe?
Ya yi shiru, sai ya fashe da dariya:
"Rogo, maras kirki, kuma ni na biya."

Na yaye tamfol, gari ya faɗo mini a ka.
Iya Risikatu na tsaye riƙe da ƙugu,
tana tambaya da gurguwar Hausarta
wane tsuntsu nake kiwo a cikin albasa,
kuma nawa zan rage mata a buhu.