Buhun da ba shi da suna

Tun kafin assalatu nake jiƙa wake.
Shekara goma sha tara a bakin tashar Tawa,
hannuna ya san wake kamar yadda ya san goshin ƴaƴana:
na Illela ƙarami ne, mai taurin kai a surfe,
na Keita yana shan ruwa kamar raƙumi.

Bana wani buhu ya hawo daga Ƙwanni,
ba tambari, ba suna, ba sunan uba,
tiyarsa ta fi sauƙi da dala ashirin.
Na saya. Wa zai ƙi?

Mushe Nomau na lakwal ya ɗaga ƙosai ɗaya a hasken fitila,
ya juya shi kamar mai duban jabun kuɗi.
Ya ce, Habsu, kin ji labarin o-je-em?
Irin da aka buɗe wa ciki aka sauya masa halitta,
tsutsa ta ci ta mutu.
Abin da ya kashe tsutsa, in ji shi,
me zai bar wa hanjin ɗan Adam?
Sai ya ci shida, ya ce in rubuta bashi.

Asumane malamin gona ya aje babur, ya yi dariya.
Ya ce cikin tsutsa daban, cikinki daban,
an auna, an sake aunawa.
Mushe ya ce wa ya auna, wa ya biya mai awo?
Wani ɗan kabu-kabu ya zaro salula,
wai an ce yana hana haihuwa.
Wa ya ce? An dai ce.
Mai yana ta ƙonewa a kasko, su suna ta musu.

Ni Barmu nake tunawa, ƙanena,
da tulun feshi goye a baya kamar jinjiri,
sau bakwai a damina ɗaya,
ba safar hannu, tsumma kawai a hanci.
Yanzu in ya yi tari, sai kaji su watse.
Asumane ya ce da sabon iri, feshi biyu ya isa.
In gaskiya ne, ƙirjin Barmu ya yi latti da shekara goma.
In ƙarya ne, wa zan kama?

Kuma inna Tamo nake tunawa,
da irinta cikin toka, a tukunyar da aka liƙe da laka.
Ba ta taɓa sayen abin shuka ba.
Takan ce wanda ya riƙe maka iri
ya riƙe maka wuya, ko da murmushi yake.

Ran Lahadi na kwance bakin buhun,
sai ga ƙwaro, baƙi, ƙato, ya huda ya ƙoshi.
Wallahi ban taɓa murnar ganin ɓarawo ba sai ranar.
Na ce tunda ka ci ka rayu, mu ma za mu ci.
Asumane ya ce kayya, ƙwaron rumbu ba shi ne tsutsar gona ba,
wannan bai shaida komai ba.
To. Ko shaidata ɗaya an kore ta.

Har yau ban san ko buhun nan shi ne ba.
Mai yiwuwa waken wani tsoho ne daga bayan Sakkwato
da bai taɓa jin wannan magana ba.

Ba na neman a raba mini gardamar masu ilimi.
Ɗiyata ce ke cin na farko da ya fito daga mai,
tana hura shi, tana ƙona harshe.
Atamfa ma ana rubuta sunanta a gefe.
Ku rubuta mini a jikin buhu,
da baƙin da Mushe zai iya karanta mini,
in san abin da na zuba a turmi.

Gobe ma zan tashi kafin ladan.
Akwai sauran tiya huɗu.