Sandar Awo

Da safe na bi ta Rijiyar Ɗorowa,
na ɗaga kai in duba agogon kanti,
sai idona ya faɗa cikin sarari.

Nan Kantin Bene yake tsaye a da.
Mutanen Wurno da Illela kan zo
ko ba saye, don dai su taka matakala,
su ga kansu a madubi daga hula har takalmi.
A ƙasa keke, rediyo, fitilar ƙwai.
A sama yadi, da ubana, Malam Jabbi.

Shekara ashirin da shida yana awo
da sandar tagulla da aka kafe a katako.
Mai ƙaramin ƙarfi, yakan ƙara masa yatsa biyu,
ya yi tari, ya yanke kafin manaja ya waigo.

Sai kaya suka koma shigowa ta bayan iyaka,
fankoki suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.
Aka yayyanka ƙasan: mai cajin waya,
mai buhunan albasa, mai faci.
Jemagu suka karɓi saman, ba haya.

Kwana huɗu katafila ta yi.
An ce gidan mai za a gina.

Wajen 'yan gwangwan na tarar da sandar,
cikin tagogi da lanƙwasassun rodi.
Yaron ya ɗora ta a sikeli,
ya ce, "Baba, kilo ɗaya da rabi."
Na biya, ban taya ba.
Bakinta guda ya yi santsi, lambobin sun goge,
daidai inda babban yatsansa ke tsayawa.